Ranar da Na Karanta Bayan Takarda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban mutanen Tasawa da na Mayahi, na gyara murya, na tona asirin gidanmu da bakina ba. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya tambaye ni. Ni na zaro takardar da hannuna, ni na karanta ta tun daga sama har ƙasa, har ina jiran tafi. Yanzu furfura ta cika mini kai, amma in abin ya faɗo mini ina cikin cin tuwo, sai in mai da lomar cikin kwano.

Lokacin ina aji na uku a kwaleji a Tasawa, zamanin mulkin soja, a shekarar nan da gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Sunana na gaskiya kusan ba wanda yake kira a lakwal, wato makaranta, Rediyo ake ce mini. Dalili kuwa, na iya karanta Faransanci da murya irin ta mai labarun tsakar rana. In na kama takarda, ko surbeyan, mai kula da ɗa'ar ɗalibai, in yana wucewa da bulala sai ya rage tafiya ya saurara. Lissafi ban iya ba, kimiyya kuwa sai addu'a, amma karatu a bayyane, nan ne gonata. (In faɗa muku gaskiya, har gaban madubin maigidan da nake zaune wurinsa nake gwada yadda zan ɗaga gira in na zo alamar tambaya.)

A gasar karatu akwai ka'ida ɗaya. Za ka zaro takardar da ba ka taɓa gani ba, a ba ka minti ɗaya ka duba ta a zuci, sannan ka karanta wa jama'a. To ni wannan mintin ne na mai da shi abin tinƙaho. Ba na karɓa. Da an ce ga mintinka, sai in ɗaga hannu in ce a bar shi, in fara nan take. Yara su yi ta ihu, ni kuma kaina ya ƙara girma. Malaminmu na Faransanci, Mushe Lawali (haka muke faɗin Monsieur), ya sha ja mini kunne. Yakan ce, "Kai bakinka ya riga kanka tahiya. Wata rana sai ya kai ka inda ba ka so." Ni kuwa a raina cewa nake hassada ce, don shi in yana karatu yakan yi in'ina kaɗan.

Sai in gaya muku wane ne mahaifina, in ba haka ba ba za ku gane girman ɓarnar ba. Sunansa Shaibu Nomau, manomi ne a wani ɗan ƙauye gefen Maijirgi. Bai taɓa shiga aji ba, amma a ƙauyenmu in ana zancen noma shi ake fara ambata. Rumbu uku gare shi a ƙofar gida, manya, da jaki da amalanke. Mutum ne mai tsayuwa ƙyam, bai iya roƙo ba, ko allura ba ya aro. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Bai taɓa yabona a gabana ba. In na je hutu na karanta wa mutane wasiƙunsu suna sa mini albarka, shi sai ya tashi ya tafi duba jaki.

Da farin nan ya yi tsanani, 'yan ƙauye da yawa suka bar lakwal suka koma gida, wasu iyayensu suka kwashe su suka yi kudu. Ni kuwa ko a jikina. Duk ranar kasuwa sai wani ɗan garinmu ya kawo mini ƙullin garin gero daga Baba, wani lokaci har da ɗan ƙuli-ƙuli. 'Yan ajinmu yawanci 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, ni kuma ba na so a raina ni, sai na mai da wannan ƙulli tuta. In kwance shi a gabansu, in ce kowa ya ɗiba. In ce musu yunwa ba ta san hanyar gidanmu ba, rumbunan babana uku ko buɗe su ba a yi ba. Kuma ban ɗauka ƙarya nake ba, don da idona na gan su a rufe kafin in taho. Da ƙullin ya fara ƙanƙancewa ma, aika saƙo na yi gida cewa a riƙa cika shi, abokaina suna da yawa. (Ku yi haƙuri da ni, akwai abin da ya fi wannan a gaba.)

Wata rana direkta ya kira ni ofis ya ce daga gobe in riƙa cin abinci a kantin, wato inda ake dafa jar dawar taimako ga ɗaliban da iyayensu suka gaza. Na tambaye shi dalili, ya dube ni, ya ce, "Don kana ƙoƙari." Shi ke nan, ya ba ni abin yawo da shi. Na fito na bi aji-aji ina shela cewa an ba ni kantin ne lada don iya karatu. In muna layi da kwanoninmu, sai in ce wa na gabana, "Kai yunwa ta kawo ka, ni kuwa ƙwaƙwalwa." Har yau ina mamakin yadda ba wanda ya fasa mini baki da kwano.

To, aka sa gasa tsakanin kwalejinmu da ta Mayahi. Aka zaɓi ranar kasuwar Tasawa don mutanen ƙauye su samu kallo. Mushe Lawali aka ɗora wa shirya takardun da za a karanta. A shekarar farar takarda ta yi wuya a lakwal, ko jarrabawa a bayan tsofaffin takardu ake buga mana. Sai ya ɗebo tarin wasiƙun da aka gama da su a ofis, ya sa almakashi ya yanke kawunansu don kada a ga sunayen mutane, ya ja musu layi da fensir, ya juya bayansu ya buga nassoshin gasar da tafireta. Ya ninke kowace, ya zuba a ƙwarya. Duk wannan daga baya na sani. A ranar dai abin da na sani shi ne na ari farar riga, na shafa man gyaɗa a ƙafa.

An kafa rumfar zana a filin lakwal. Alƙalai uku a tebur, malamai a benci, ɗalibai a ƙasa, 'yan kasuwa da mutanen ƙauye sun yi da'ira a baya. A tsakiya, kan kujerar direkta, ga wani babban soja da ya zo rangadi daga Maraɗi aka gayyato shi. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane ba. In soja yana zaune wuri, ko tari sai ka nemi izinin zuciyarka kafin ka yi. Direkta kansa a gefen kujera ya ɗosana, hularsa a gwiwa.

Ina cikin leƙa jama'a don in ga yawan waɗanda za su ji ni, sai na hango Baba. Yana can ƙarshe, jikin wata bishiyar bedi, ya juya rabin jikinsa wajen hanya, wai shi wucewa yake yi. Na ga ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma ban tsaya tunani a kai ba. Abin da ya zo mini shi ne, yau dai sai ya ji ni, babu jakin da zai tafi dubawa.

Wadda ta riga ni wata yarinya ce daga Mayahi, Zuwaira, 'yar siririya mai ƙaramar murya. Ta zaro takarda, aka ba ta minti, ta cinye shi tas. Har juya takardar ta yi ta dubi bayanta, ta yamutsa fuska, ta sake juyowa. Na taɓa na kusa da ni na ce, "Wannan sai an kawo mata fitila." Ta karanta wani bayani a kan rijiya, a hankali, ba ado. Aka tafa mata sama-sama. Na ce a raina an gama, kyauta tawa ce.

Aka kira ni. Na taka a hankali, na gai da soja, na sa hannu a ƙwarya ina kallon jama'a. Ina da wani salo na buɗe takarda da hannu ɗaya, in kaɗa ta a iska ta yi ƙara. Na kaɗa, sai ta kuɓuce ta faɗi ƙasa. Yara suka fara dariya. Don in nuna abin bai dame ni ba, na duƙa na ɗauke ta ba tare da na sauke idona daga kan mutane ba. Babban alƙali ya ce ga mintina. Na ɗaga hannu na ce a bar shi. 'Yan lakwal ɗinmu suka ɗauki ihu, "Rediyo! Rediyo!" Na dubi takarda, na ga rubutun tafireta, na ga wani siririn layin fensir ya ratsa shi, na ɗauka datti ne. Na fara.

Layin farko irin gaisuwar nan ce ta wasiƙar hukuma, mai kalmomi masu nauyi da daɗin faɗa. Na ce madalla, wasiƙa ce aka ciro daga wani littafi. Na ja ta da murya mai kauri. Sai na zo inda ke cewa (da Faransanci ne, amma ga ma'anarsa): "Ni manomi ne, ban taɓa roƙon kowa ba tun da na fara riƙe hauya. Yau ga ni ina roƙo."

Nan shaiɗan ya raɗa mini cewa wannan ba aikin muryar rediyo ba ne, wasan kwaikwayo yake so. Sai na canza murya. Na mai da ita ta wani tsoho baƙauye, tana rawa. Na ranƙwafa, na dafa ƙugu da hannu ɗaya. Ɗalibai suka fashe da dariya. Na ci gaba: "Rumbuna uku gare ni, babu ko dami ɗaya a cikinsu. Na bar su a rufe ne don kada a sani."

Jama'a, rumbu uku! Duk mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa cewa na yi a raina, ka ga, irin na gidanmu, sai dai namu cike suke. Na hango Mushe Lawali a kan benci yana kaɗa mini hannu, yana juya tafinsa sama da ƙasa, idanunsa waje. Na ɗauka cewa yake in ƙara wuta. Ya yi tari, ya yunƙura zai tashi, sai ya dubi soja. Soja ya dafa haɓa yana saurare, fuskarsa ba dariya. Mushe ya koma ya zauna, ya rufe fuska da hannu biyu. Ni a ganina dariya ce ta ci ƙarfinsa.

"Mun cinye irin shuka. Na sayar da jaki da amalanke. Iyalina anza suke ci." Anza kuwa 'ya'yan wani itacen daji ne masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciyu, kuma ba mai cin su sai wanda ya rasa. Da na zo nan, sai na yamutsa baki kamar ina tauna ɗacin, na tofar. Aka sake kwashewa da dariya, har da na baya waɗanda ba sa jin Faransanci, su motsina kawai suke kallo. Na saci kallon bishiyar bedi. Baba ya juyo gaba ɗaya yanzu, yana dariya, har yana share ido da gefen rawaninsa. Ban taɓa ganin haƙoransa a dalilina ba sai ranar. Daɗi ya kama ni, na ƙara ranƙwafawa, na miƙa hannu gaba kamar mai bara.

"Ɗan abin da nake aika wa yaron nan nawa, daga bakin ƙannensa nake cirewa, kuma ya kusa ƙarewa. Ina roƙo a sa shi cikin masu cin abinci a lakwal." A nan na lura dariyar ta ragu a gaba, wajen malamai da manyan ɗalibai. Direkta ya sunkuyar da kai. Wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, amma bakina ya riga ya yi nisa, bai jira ni ba. "Abu na ƙarshe, ina roƙo kada a gaya wa yaron. In ya sani zai bar karatu ya dawo gida, ni kuwa ba ni da abin da zan bar masa sai karatun."

Saura layi ɗaya a ƙasa. Almakashin Mushe ya yanke kai, amma marubucin wasiƙun bakin gidan waya yana da al'adar sake buga sunan mai wasiƙa a gindi, kusa da inda zai dangwala yatsa. Na miƙe tsaye, na koma muryar rediyo don in rufe da kyau, na faɗa da ƙarfi yadda na can bakin hanya zai ji:

"Shaibu Nomau, manomi."

Sai da sunan ya fita, ya je ya dawo, sannan kunnena ya ji shi. Na dubi takardar. Gefen sunan ga shaidar babban yatsa da shuɗiyar tawada, da wani farin layi ya raba ta biyu. Na san layin nan. Lauje ne ya yanke masa yatsan tun ina ƙarami, ni na riƙe masa tsumman da aka ɗaure wurin.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ban faɗi ba, ban yi kuka ba, ban ma sauke hannun da na ɗaga ba. Na tsaya kawai baki buɗe. Filin ya yi tsit. A cikin 'yan ajinmu wani ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Kai, ba sunan baban Rediyo ke nan ba?"

Baba bai ji ko kalma ɗaya ta wasiƙar ba, amma ya ji sunansa, kuma ya ji shi a gaban soja. A wancan zamani in an kira sunan talaka a irin wannan wuri, ba ya tsammanin alheri. Na ga dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya ratso jama'a, suna buɗa masa hanya. Ya zo gaban kujera ya durƙusa a cikin rairayi, mutumin da ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ga ni. Mi na yi?"

Soja ya dube ni ya ce da Faransanci, "Wane ne wannan?"

Muryar nan da ake jin ta har bakin hanya, na neme ta na rasa. Da ƙyar na ce, "Babana ne."

Sojan ya tashi da kansa, ya kama Baba a kafaɗa ya ɗaga shi, ya ce masa da Hausa, "Tashi, baba. Ba ka yi laihin komi ba."

Baba ya ce, "To don mi anka kira sunana?"

Direkta yana kallon ƙasa, alƙalai suna kallon tebur. Baba ya juyo wajena, abin da ba ya yi a cikin mutane, ya dubi takardar da ke hannuna. Bai iya karatu ba, amma ya san yatsansa. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya dubi jama'a, ya ga 'yan garinmu uku ko huɗu da suka zo kasuwa, ga wani ɗalibi ya riga ya duƙa yana fassara musu a kunne.

Ya ce mini, "Duka ka karanta?"

Na ce, "I, Baba."

"Har da ta ƙarshen?"

Na gyaɗa kai. Ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Ya yi wa soja sallama, ya bi ta inda ya shigo.

Abin da ya faru a filin bayan nan, labari aka ba ni. An ce Zuwaira ce ta ci gasar, kuma ta cancanta. An ce alƙalai ba su rubuta mini komai ba, ko sifiri. An ce Mushe Lawali ya je gaban direkta yana rantsuwa yana cewa laifinsa ne, shi ya kamata ya yanke gindin takardar. Ni dai na yar da takardar, na bi Baba da gudu da farar rigar aro.

Na fara zuwa inda masu amalanke suke ɗaure jakunansu a bakin kasuwa, ina dube-dube, sai na tuna abin da na karanta da bakina. Na juya na kama hanyar Maijirgi. Can bayan gari na cim masa, yana tafiya a ƙasa, shi kaɗai, rana tsaka. Na bi bayansa. Mun yi tafiya mai nisa a haka, gonaki hagu da dama babu komai sai busasshen kara. Daga baya ya tsaya a inuwar wani gawo, bai juyo ba.

Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba. Ai ni na ce kar a gaya maka." Ya ƙara da cewa, "Ni ma na yi dariya. Ina kallonka ina cewa, wane tsoho ne wanga, Allah ya kyauta mishi."

Da ya zage ni ko ya ɗauki kara ya zane ni, da na fi jin sauƙi. Na fara kuka, irin mai majina, ina cewa zan bar lakwal, zan dawo gida in taya shi, ba zan ƙara cin ƙwayar gero ɗaya daga gida ba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "In ka bar lakwal, to na sai da jakina a banza, na kuma sha kunya a banza. Koma." Sannan ya juyo ya dube ni. "Amma wuri guda ka yi kuskure a wasan naka. Ranar da na hwaɗi wasiƙar ga, a tsaye nike. Ban ranƙwaha ba, ban miƙa hannu ba. Yau ne na durƙusa."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin garin gero, ɗan ƙarami, wanda ya zo da shi da niyyar ba ni bayan gasa. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce uwata ce ta daka, in ban karɓa ba ita zan yi wa bayani. Na karɓa. Har ya yi taku kaɗan, sai ya waiwayo.

"Kai da anka ce ka iya karatu. Ni da ban iya ba, kahin in dangwala yatsa sai da na sa mai rubutun ya maimaita mini ita sau biyu."

Ya tafi. Na tsaya ina kallonsa har ya shige bayan tudu.

Labari ya riga shi isa gida, ba sai an faɗa ba. Uwata ta gaya mini cewa washegari da kansa ya hau ya cire hulunan rumbunan uku, ya bar su a buɗe kowa ya gani. Wasu maƙwabta da suka daɗe suna zaginsa a ɓoye, wai yana da hatsi ya hana, suka zo suka ba shi haƙuri. Kada ku ɗauka ina neman in ce abin ya zama alheri. Baba ya yi watanni bai zauna a dandalin da dattawa ke hira ba, daga masallaci sai gida. Asirin da ya rufe da yunwar cikinsa, ni na buɗe shi don a tafa mini.

A lakwal kuwa, na koma layin kantin da kwanona, ban ƙara yi wa kowa bayanin abin da ya kawo ni ba. Na yi tsammanin za su kashe ni da tsiya. Sun ɗan yi, ba zan ɓoye ba, wani ma in ya gan ni sai ya dafa ƙugu ya ranƙwafa. Amma yaron da na fi ce wa yunwa ta kawo shi, shi ne ranar farko ya matsa mini wuri a tabarma, muka ci jar dawarmu. Ƙullin garin nan kuwa ban kwance shi gaban kowa ba. Na yi kusan wata ina ɗiban cokali ɗaya-ɗaya, ina jin kunyar kowane cokali.

Na gama karatu, na yi aikin malanta har na yi ritaya, kuma an ci gaba da miƙo mini takardu a wurin taro don muryar ba ta tafi ba. Sai dai duk wanda ya san ni ya san halina. Ko takardar ɗaurin aure aka ba ni in karanta, sai na juya bayanta, na duba gindinta, na karanta ta a zuci sau biyu, jama'a na jira suna tsaki. Matata takan ce, "Malam, sunan ango ne kawai da na amarya, ba wasiƙar hukuma ba ce." Nakan ce mata ta bar ni. Minti ɗaya aka taɓa ba ni kyauta na ce a bar shi, ga shi shekara da shekaru ina biyan sa, ban gama ba.